Sayen Kyamarar Bidiyo: Abubuwan Da Ya Kamata Mai Saye Ya Duba

Ɗaurin aure da sunan jariri da walimar saukar karatu lamura ne da ba a maimaita su. Idan kyamara ta ba da hoto mai duhu ko sauti marar kyau a irin wannan rana, asarar ta tabbata ke nan. Saboda haka magidanci ko ɗan kasuwar da ke niyyar sayen kyamarar bidiyo, a kasuwar Alaba ta Legas ko a Sabon Gari ta Kano, yana bukatar ya san abubuwan da ke da muhimmanci kafin ya fitar da kuɗinsa.

Abu na farko shi ne inda kyamarar ke adana hoto. Kamfanin Sony ya fito da Betamovie a 1983, JVC ya biyo baya da mai ƙaramin kaset na VHS-C a 1984, sannan aka sami Video8 a 1985 da MiniDV a 1995. Dukkansu an daina yayinsu. A 2016 kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset na VHS, ya dakatar da aikin. Don haka sayen kyamara mai kaset, komai araharta, sayen wahala ne. Kyamarorin yanzu a katin memori na SD suke adana hoto.

Na biyu shi ne ƙarfin zuƙo abin da ke nesa, wanda a nan ne kyamara ta fi wayar hannu. Zuƙowa iri biyu ce. Akwai wadda gilasan kyamara ke yi ta hanyar matsawa gaba da baya, kuma hoton ba ya rasa ingancinsa. Akwai kuma ta dijital, wadda ke yanko tsakiyar hoton ta faɗaɗa shi har ya dusashe. Lambobi irin su ninki 300 da ake bugawa a jikin kwali na nau'i na biyu ne. Ninki 20 ko 30 na gilashi ya wadatar wajen ɗauko fuskar mai jawabi daga ƙarshen zauren taro.

Sai dai gwargwadon nisan da aka zuƙo, gwargwadon yadda rawar hannu ke bayyana. Kyamarar da ke daidaita girgiza a cikin gilashinta ta fi wadda ke yi ta hanyar lantarki kawai, kuma taro mai tsawo yana bukatar mazauni mai ƙafa uku.

Na uku shi ne haske. Galibin hidimomin iyali a cikin ɗaki ko da dare ake yin su. Abin da ke raba kyamara da kyamara a nan shi ne girman ɗan allon da ke karɓar haske a cikinta, da kuma faɗin ƙofar gilashinta. Mai allon inci ɗaya ta fi mai ƙarami nesa ba kusa ba, ko da yake ta fi tsada. Ƙofar gilashi kuwa ana nuna ta da harafin f, kuma ƙaramar lamba ita ce mai faɗi: f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5.

Akwai kuma wani tarko ga masu sayen kayan hannu daga ƙetare. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙasar tana bin tsarin talabijin na PAL mai hoto 25 a daƙiƙa. Amurka kuwa tana kan 60 da tsarin NTSC mai hoto kusan 30. Kyamarar da aka ƙera don kasuwar Amurka kan nuna ƙyaftawar haske a ƙarƙashin wasu fitilun lantarki na nan gida. Ya kamata a tabbatar tana iya ɗauka a kan 25 ko 50.

Na huɗu shi ne sauti, wanda masu saye suka fi mantawa da shi. Makirufon da ke jikin kyamara yana kwasar ƙarar janareto da hayaniyar jama'a tare da muryar mai magana. Kyamara mai kafar jona makirufo na waje, da ta saka abin saurare a kunne, ita ce ta dace da wanda zai mayar da ɗaukar bukukuwa sana'a.

Game da tsabtar hoto, Full HD na da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 4K kuwa 3840 da 2160, wato ninki huɗu. Amma awa guda ta 4K a kan megabit 100 tana cin kimanin gigabait 45, alhali Full HD a kan megabit 28 ba ta wuce 13 ba. Haka kuma 4K na bukatar kati mai alamar U3 ko V30 da kwamfuta mai ƙarfi wajen tacewa. Ga amfanin gida, Full HD ta isa.

A wurin ciniki, ya dace mai saye ya gwada kyamarar a lungu mai ƙarancin haske, ya zuƙo har ƙarshe, ya saurari sautin, ya kuma duba ko ƙura ta shiga gilashin. Ya tambayi farashin batir na biyu da ko ana samunsa a kasuwa, domin rashin tsayayyar wuta, sannan ya karɓi rasit da takardar garanti.

Bayan an gama hidima, a kwafe hotunan a wurare biyu daban-daban. Katin memori yakan lalace ba tare da gargaɗi ba, kuma masu tsofaffin kaset a gida su hanzarta mayar da su dijital tun ana samun na'urar kunna su.