Siffar Kai Ba Ta Nuna Dafin Maciji

Da zarar damina ta kankama, ruwa ya cika ramuka, macizai kan matso kusa da mutane, su shiga rumbu da akurkin kaji da tarin itacen girki. A lokacin ne ake yawan jin ƙa'idojin gane mai dafi: wai mai faffaɗan kai shi ne mugu, mai tsagaggiyar ƙwayar ido irin ta kyanwa shi ke kisa, kore kuwa ba ya komai. Waɗannan ƙa'idoji ba sa aiki a ƙasarmu, kuma wanda ya dogara da su ya fi wanda bai taɓa jin su ba shiga haɗari. Kumurci ƙwayar idonsa zagayayya ce, kansa ma bai fi wuyansa faɗi sosai ba, amma yana kisa. Mesa tana da faffaɗan kai da tsagaggen ido, ba ta da dafi ko ɗigo. Cikin korayen macizan bishiya kuma akwai wanda dafinsa ke tsinka jini.

Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya san ukun da suka fi yi mana ɓarna. Kububuwa ce kan gaba. Gajera ce, yawanci ba ta wuce taƙi biyu zuwa uku ba, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a gadon baya. In ta ji motsi sai ta naɗe, ta riƙa goga jikinta da jikinta, ana jin wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana hana jini daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi, ita ce kuma ta fi kai mutane asibitin sarar maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Kasa kuwa ƙatuwa ce mai nauyin jiki, ba ta gudu, kwanciya take a hanya tana huci har a taka ta, sararta na kumbura ƙafa ta ruɓar da nama. Kumurci baƙi ne dogo, yana fasa kai, yana kuma tsarto dafi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Shi ne ya fi shiga ɗaki da dare ya sari mai barci a ƙasa.

Sai dai ko wannan sanin yana da iyaka. Akwai wani maciji mai shan ƙwan tsuntsaye, wanda haƙoran kirki ma ba shi da su, amma zanensa da naɗewarsa da gogar jikinsa duk irin na kububuwa ne. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin baƙi mai sheƙi da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan sama, a ido kamar ba ya cutarwa, alhali ko an riƙe shi ta bayan kai yana iya soka haƙori ta gefen baki. Idan masana kan tsaya su duba da kyau kafin su bambance waɗannan, ina ga mai riƙe da tocila cikin firgici?

Wani zai ce, to a kashe duk wanda aka gani mana, a huta. Maganar tana da hujja a gidan da ke da yara, ba kuma wanda zai ce a bar kumurci a ɗaki. Amma matsawa kusa da sanda shi ne ke kai hannu da ƙafa inda maciji zai iya kai sara, kuma yanke kan maciji ba ya hana shi cizo nan take. Ga shi kuma macijin gida mai ruwan ƙasa, mara dafi, ɓeraye yake ci, ɓerayen kuwa su ne ke jawo masu dafin. Nome ciyawa, toshe ramuka, nisanta akurki da ɗakin kwana da barci kan gado cikin gidan sauro sun fi sanda tsare gida.

Wani kuma zai ce ai likita na bukatar ganin macijin. Ba dole ba ne. Ana zuba jinin majinyaci a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20. In bai daskare ba, an san dafi irin na kububuwa ya shiga jiki, a ba shi allurar kashe dafi. Game da masu cewa maganin gargajiya ya warkar da wane, a tuna cewa macizai da yawa ba su da dafi, mai dafin ma yakan yi sara bai zuba komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, ta ƙiyasta mutuwar mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara a duniya sakamakon hakan.

Wanda aka sara kada a tsaga masa wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da ya ce ba ya jin komai. In a ido aka tsarta masa, a wanke da ruwa mai yawa tun kafin a kama hanya.