Mashigin Bosfor: ƙofar da manyan ƙasashe suka yi ta ja-in-ja a kanta

Ƴan kasuwarmu na bakin iyaka ba su manta da shekarar 2022 ba, lokacin da kuɗin buhun fulawa da na takin zamani suka yi tashin gwauron zabi. Kowa ya ce yaƙin Rasha da Yukiren ne. Gaskiya ne, amma akwai wata ƙofa a cikin zancen da ba a cika ambata ba.

Duk alkamar da aka yi lodinta a tashoshin Bahar Aswad, hanya ɗaya gare ta zuwa Bahar Rum: ta ratsa mashigin Bosfor da ya raba birnin Istambul biyu, sannan ta bi na Dardanel. Duka biyun a cikin ƙasar Turkiyya suke. A wani wurin faɗin Bosfor bai fi mita 700 ba. Mu da kayanmu ke biyowa ta tashar wata ƙasa kafin su iso gare mu, mun san abin da ake nufi da ƙofar da makullinta ke hannun wani.

Bayan yaƙin duniya na farko, Turawan da suka ci yaƙi sun nemi karɓe wannan makulli. Yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta hana Turkiyya girke soja a bakin mashigin, ta kuma ɗora wani kwamitin ƙasashe a kan zirga-zirgar jiragen. Turkiyya ta haƙura shekara 13. A 1936, da ta ga guguwar wani yaƙin na tasowa, ta nemi a sake zama, aka yi yarjejeniyar Montro a Suwizalan. Aka rushe kwamitin, iko ya koma hannunta, amma da sharaɗi: jirgin fatauci, kowace tuta ya ɗauko, ya wuce ba tsangwama a lokacin zaman lafiya. Jiragen yaƙi kuwa aka yi masu ƙa'ida. Na ƙasar da ba ta bakin Bahar Aswad ba zai wuce kwana 21 a ciki ba.

Rigima mafi zafi ta zo ne bayan yaƙi na biyu. A watan Yunin 1945 ministan harkokin wajen Tarayyar Sobiyet, Molotof, ya nemi a ba ƙasarsa sansanin soja a mashigin, har da yankunan Kars da Ardahan. Hujjar Stalin ita ce Turkiyya ta bar wasu jiragen sojan Jamus sun wuce a lokacin yaƙi. A taron Fotsdam shugaba Truman na Amurka ya kawo tasa shawarar, wai a buɗe manyan hanyoyin ruwan Turai ga kowa bisa kulawar ƙasashen duniya. Stalin bai saurare shi ba. A watan Agustan 1946 Masko ta aiko da takarda, tana so a riƙa tsaron mashigin tare da ita. A ganinmu, wanda ya ce zai taya ka gadin ƙofar gidanka da bindigarsa, ba gadi ya zo yi ba. Haka ma Turkiyya ta fahimta, ta ce a'a.

Ƙin yardar nan ba a kyauta ta same shi ba. Sai da ta raɓu da Amurka, wadda ta ware dala miliyan 400 a 1947 don ita da Girka, kuma a 1952 ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Bayan mutuwar Stalin a 1953, Masko ta janye buƙatunta.

Tsohuwar takardar 1936 ɗin ce dai Turkiyya ta ɗauko a ƙarshen Fabrairun 2022, ta rufe mashigin ga jiragen yaƙi, ta bar na kaya. A watan Yulin shekarar, ita da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani a Istambul, aka buɗe wa hatsin Yukiren hanya. Kusan tan miliyan 33 ya fita kafin Rasha ta fice daga shirin a Yulin 2023.