Kuɗin tsafi: abin da ya kamata iyayen 'yan cin rani su sani

Da an gama girbin gero, samarin Urno, Madawa, Buza da Keita a Nijar sukan kama hanya, wasu Kano ko Legas, wasu Abijan, wasu Libiya ta Agadas. Yawancinsu dako, gadi, ga-ruwa ko sayar da shayi suke yi, su dawo da halalinsu kafin shuka. Sai dai a biranen da suke sauka akwai wata ƙarya da ke cin kasuwa, wai jinin mutum yana jawo dukiya.

Ina aka ga haka?

A watan Janairun 2022 'yan sanda a Abeokuta, jihar Ogun ta Najeriya, suka kama matasa huɗu da ba su wuce shekara 20 ba, bisa zargin kashe budurwar ɗayansu don tsafin kuɗi. Rahotanni sun ce a Facebook suka tsinci hanyar. A watan da ya biyo baya majalisar wakilan ƙasar ta nemi a kafa dokar ta-ɓaci kan kisan tsafi, sannan a 2024 hukumar tace fina-finai ta ƙasar ta sanar da hana ƙawata tsafin kuɗi a fim.

Me ke tura yaro?

Talauci kaɗai bai isa ba, domin matalauta da yawa ko kaza ba za su sata ba. Gori ne ke ƙarasa aikin. Saurayi ya tafi da kuɗin motar da aka jinginar da gona ko aka sayar da akuyar inna aka haɗa masa. Sadaki da lefe na jiransa. Ya dawo, kafin ya sha ruwa an ce: "Ɗan wane ya zo da babur, ya yi wa ubansa rufin kwano, kai fa?" A wajen biki maroƙa sun san sunan mai liƙi, babu mai tambayar inda ya samo. A waya kuma sa'o'insa na rawa da ɗaurin kuɗi a TikTok. Kunyar komawa hannu rabbana kan sa yaro ya saurari wanda bai kamata ba.

Yaya boka ke jan mutum?

Da ƙarami yake farawa: turare, baƙin zakara, ɗan akuya. In ba a ga kuɗi ba, sai ya ce aikin bai karɓu ba, ana son abu mai nauyi. Kowane zagaye yaron ne ke biya, boka ke ci. Waɗanda abin ke faɗawa kansu kuwa masu saurin yarda ne: budurwa, almajiri, 'yar talla.

Me za a yi?

Iyaye su tambayi tushen kuɗin da ya shigo gida, ko da na ɗansu ne. Dangin amarya su sassauta kayan aure. Limamai da hakimai su fito fili su ce wannan kisan kai ne, kuma shirka ce. Wanda aka yi wa tayin irin wannan aiki ya sanar da mai gari ko jandarma. Ɗan cin ranin da ya dawo da buhun masara ɗaya da lafiyarsa, a yi masa barka da zuwa a gaban jama'a, ƙannensa suna ji.