Sauya Mai Sayar da Wuta: Abin da Ya Sami Masu Neman Araha a Birtaniya

Daga cikin al'amuran da kan ba baƙo mamaki idan ya sauka ƙasar Birtaniya, musamman wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Dutse, inda mai gida bai san wani mai ba shi wuta ba sai KEDCO, kamar yadda mahaifinsa bai san kowa ba sai NEPA, akwai wannan: mutum yana zaune cikin ɗakinsa, in ya ga kuɗin wutar da ake karɓa a hannunsa ya yi masa nauyi, sai ya ɗauki wayarsa ya sallami kamfanin da yake ma'amala da shi, ya ƙulla da wani wanda ya fi rangwame, kafin kwanakin aiki 5 su cika an gama magana, alhali kuwa ba wanda ya zo ƙofar gidansa da tsani, ba a yanke waya ba, ba a cire mita ba, ƙwan fitilarsa ma bai ko ƙifta ba.

Sirrin abin kuwa shi ne, kamfanin da yake aiko wa mutum takardar biya ba shi ne mai wayar da ta shigo gidansa ba, galibi ma ba shi ne mai injin da ya haifar da wutar ba. Manyan turakun da ke ratsa Ingila suna hannun National Grid, ƙananan wayoyin da ke bin unguwanni suna hannun wasu kamfanoni dabam, kowanne da yankinsa, bututun iskar gas ma haka. Wutar da aka samo daga iska, da ta tashar nukiliya, da wadda aka samu ta ƙona gas, duk a waya ɗaya suke gauraya, babu mai iya rarrabe su bayan nan. Mai sayarwa ɗan kasuwa ne kawai, wanda ke saro wuta da gas a babbar kasuwa, ya biya masu waya da masu bututu hakkinsu, sa'an nan ya yi hisabi da mai gida. Saboda haka wanda ya sauya kamfani, abin da ya sauya shi ne farashi, da mai yi masa lissafi, da kuma wanda ya danƙa wa amanar kuɗinsa. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba, har sai da shekarar 2021 ta zo.

Tsarin ba daɗaɗɗe ba ne. Gwamnatin Magaret Taca ce ta sayar da British Gas ga 'yan kasuwa a 1986, aka bi da kamfanonin lantarki daga 1990, amma gidajen jama'a ba su sami ikon zaɓe ba sai tsakanin 1996 da 1999, inda aka fara da gas aka ƙare da lantarki, aka kuma ɗora wa wata hukuma mai suna Ofgem alhakin sa ido, matsayinta kusa da na muhtasibi a kasuwannin Musulmi na da. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, idan mai saye yana da ikon juya baya, dole mai sayarwa ya sassauta. Sai dai ɗabi'ar ɗan Adam ba ta bi ƙiyasin masana ba, domin yawancin mutane, ko don rashin lokaci, ko don tsoron kada a yanke musu wuta a tsakiyar hunturu, ko don tsufa da rashin sabo da intanet, sun zauna inda aka same su, kasuwa kuma ta tattaru a hannun manya 6, watau British Gas da EDF da E.ON da npower da Scottish Power da SSE. Da hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta kammala bincikenta a 2016, sai ta tarar kimanin kashi 70 cikin 100 na abokan cinikin waɗannan manya suna kan farashin da kamfani ke ɗora wa wanda bai zaɓi kome ba, wanda yake cikin mafiya tsada, kuma jimlar abin da gidaje ke biya fiye da kima ta kai wajen fam biliyan 1.4 a kowace shekara. Wanda ya riƙe zumunci da kamfaninsa shekara da shekaru shi ne aka fi tatsa.

Maganin da mahukunta suka gani shi ne a buɗe ƙofa sosai, a sauƙaƙa ba da lasisi, a yi ta kiran jama'a su sauya. Aka kuwa amsa kira. Kamfanoni masu sayar wa gidaje suka yi ta tsirowa har suka kai wajen 70 a 2018, wasu da ma'aikata 'yan ƙalilan da ɗakin haya; har majalisun biranen Nottingham da Bristol suka kafa nasu, da niyyar rangwanta wa talakawansu, ko da yake dukkansu biyu sun ƙare da hasara a 2020. Shafukan intanet masu kwatanta farashi, waɗanda ke cin la'ada a kan duk wanda ya sauya ta hannunsu, suka cika talabijin da talla, har a 2019 aka ƙidaya sauyin mai ba da lantarki kusan sau miliyan 6.

To, daga ina arahar ta fito? Wani sashe nata halal ne, babu shubuha a cikinsa: sabon kamfani ba ya ɗauke da tarin ofisoshi da tsofaffin na'urorin lissafi, kuma a lokacin doka ta ɗauke wa duk wanda abokan cinikinsa ba su kai 250,000 ba wasu wajibai na tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da gyaran gidajensu don su riƙe ɗumi. Amma wani sashen ya fito ne daga abubuwa biyu waɗanda mai saye ba ya ganinsu a takardar talla. Na farko, mutanen ƙasar kan ba kamfani izini ya riƙa cirar kuɗi daidai wa daida daga asusunsu na banki kowane wata, rani da hunturu, ta yadda a watannin zafi, lokacin da ba a kunna na'urar ɗumama ɗaki, kuɗin mai gida kan taru a hannun kamfani. Kamfanoni da dama kuwa, waɗanda masu su ba su zuba wani jarin kirki ba, da wannan ajiya ta mutane suke juya kasuwancinsu. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, shi ne rashin saye tun da wuri. Misalinsa kamar mutum biyu ne da suka yi wa makarantar kwana alkawarin kawo mata gero shekara guda a kan farashi ɗaya tsayayye: ɗaya ya saya tun da kaka ya zuba a rumbu, ya ɗauki nauyin ajiya da na kuɗin da ya kwanta, ɗayan ya ce zai riƙa aunowa a kasuwa ranar da ake bukata. Muddin kasuwa tana kwance, na biyun zai iya karya farashi ya ƙwace ciniki, a riƙa yaba masa wayo. Ranar da bazara ta zo da tsada, ba shi da abin da zai kawo. Manyan kamfanoni kan sayi wuta da gas watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, kafin ranar bukata, wannan kuwa yana cin kuɗi da jingina. Da yawa daga ƙananan suka ƙi, ko suka kasa. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala zai gane cewa abin da malamai suke kira garari yana nan kusa, domin mai sayarwa ya yi alkawarin abin da bai mallaka ba, bai kuma tanadi hanyar mallakarsa ba, in an ci riba tasa ce, in an faɗi ta wasu ce.

Tsadar ta zo a 2021. Hunturun da ya gabata ya yi tsawo ya rage gas ɗin da ƙasashen Turai suka adana. Masana'antun Asiya, da suka farfaɗo bayan annobar korona, suka riƙa janye jiragen ruwa masu dakon gas zuwa wajensu. Iska ta yi ƙaranci a wannan shekara, injinan da ke juyawa da ita ba su ba da abin da aka saba ba. Rasha kuma ta tsuke hannu tun kafin ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022. Birtaniya, wadda mafi yawan gidajenta da gas suke ɗumi, wadda kuma wajen kashi 40 cikin 100 na lantarkinta daga gas yake a lokacin, ta riga ta rufe babbar ma'ajiyarta ta Rough, a ƙarƙashin teku, tun 2017. Farashin sari ya ninka sau da yawa cikin watanni kaɗan.

A nan ne wata doka da aka yi don maslahar jama'a ta zama tarko ga masu sakaci. Tun 1 ga Janairun 2019 hukuma ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai karɓa daga wanda bai ƙulla wata yarjejeniya ta musamman ba, ana kuma duba iyakar sau biyu kacal a shekara a wancan lokaci. Mas'alar ƙayyade farashi, kamar yadda almajiran fiƙihu suka sani, tsohuwar mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, masu hanawa suna ganin zalunci ne ga ɗan kasuwa, masu halattawa suna duban cutar da jama'a. Turawan ma da irin wannan jayayya suka yi dokar. A Oktoban 2021 iyakar tana fam 1,277 a shekara ga gida matsakaici, alhali kuɗin saro wutar gidan ya zarce haka nesa, sai ya zamana duk kamfanin da bai sayi kome a gaba ba yana hasara a kan kowane abokin ciniki, kuma yawan abokan cinikin da yake alfahari da shi jiya shi ne ke gaggauta mutuwarsa. Avro, mai mutum kimanin 580,000, ya faɗi a Satumba. Bulb, wanda ya tara fiye da miliyan 1.5, ya durƙusa a Nuwamba, kuma don girmansa babu kamfanin da zai iya haɗiye shi nan take, sai da gwamnati ta riƙe shi da kuɗin baitulmali fiye da shekara guda kafin a miƙa shi ga Octopus a Disambar 2022. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ƙidaya kamfanoni 29 da suka rushe tsakanin Yulin 2021 da Mayun 2022, abin da ya shafi gidaje kimanin miliyan 4.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba gidan da aka bari cikin duhu saboda wannan, domin doka ta tanadi cewa idan mai sayarwa ya zama muflisi, Ofgem za ta naɗa wani kamfani ya gaji mutanensa, wuta ba ta yankewa, kuɗin mai gida da ya taru kuma ba ya salwanta. Amma magajin ba sadaka yake yi ba. Shi ne zai sayi wutar waɗannan baƙi a farashin ranar, ya kuma biya su ajiyar da wani ya cinye, sa'an nan a ba shi izini ya maido da kuɗinsa ta hanyar ƙari a kan takardar kowane gida a ƙasar. An ƙiyasta wannan nauyi a fam biliyan 2.7, watau kimanin fam 94 a kan kowane gida, ban da abin da aka kashe wa Bulb. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan ƙissa shi ne, tsohuwar da ba ta taɓa sauya kamfani ba, wadda ta shekara goma tana biyan farashi mafi tsada domin ba ta iya kwamfuta ba, ita ma sai da aka sa mata nata kason na bashin arahar da wasu suka ci. Ba na ganin laifin wanda ya bi araha, domin hukuma ce ta kira shi, ita ce kuma ta ba kamfanin lasisi. Binciken da Ofgem ta sa aka yi mata a 2022 ma ya tabbatar da cewa ta bar mutane sun shiga kasuwa da jari kaɗan, suna caca da dukiyar da ba tasu ba.

Bayan haka kasuwar ta yi tsit na wani lokaci. Iyakar farashi ta hau fam 1,971 a Afrilun 2022, an kuma yi shelar za ta kai 3,549 a Oktoba, sai gwamnati ta tsayar da ita a 2,500 ta cike gurbin daga aljihunta. Babu mai tallar araha, babu inda za a koma. Da ƙura ta lafa sauyi ya dawo, amma da sababbin sharuɗɗa: ana duba iyakar duk wata 3, an hana kamfani ya ware wa baƙo farashin da ya hana tsohon abokin cinikinsa, an kuma wajabta wa masu sayarwa su riƙe jari gwargwadon yawan mutanensu.

'Yan'uwanmu da ke zaune can, ɗalibai da likitoci da ma'aikatan jinya, wanda duk ya yi niyyar sauyawa yau ya kamata ya sani cewa adadin da ake shela ba shi ne iyakar abin da zai biya ba, domin ƙayyadewar tana kan kuɗin kowane ma'aunin wuta ne da kuma kuɗin da ake ɗorawa kullum ko an kunna ko ba a kunna ba, wanda ya sha da yawa kuwa zai biya da yawa. Wannan kuɗi na kullum shi ne kan ruɗi mai ƙaramin gida, domin yana iya ganin ma'auni mai sauƙi ya ruga, alhali abin da aka rage masa a can an ƙara masa a nan. In yarjejeniyar mai tsayayyen farashi ce, ya tambayi tarar fita kafin wa'adi, ya kuma riƙe cewa ba a cinta a cikin kwanaki 49 na ƙarshe. Yana da kwana 14 na janyewa bayan ya ƙulla. Ranar sauyi ya karanta mitarsa ya ɗauki hotonta, don kada tsohon kamfani da sabon su yi masa hisabin wuta ɗaya sau biyu. In kuma ajiyarsa ta taru fiye da bukatar hunturu, yana da hakkin ya nemi a mayar masa.

Mu a nan gida ba mu kai ga wannan zaɓi ba tukuna, domin tun da aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a Nuwambar 2013, kowane gida yana ƙarƙashin kamfanin yankinsa ne, abin da ya rage masa sai janareta ko farantin hasken rana. Amma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumominsu da ba da lasisi a cikin iyakokinsu, wasu har sun karɓa, kuma duk mai mitar kati ya riga ya saba da biyan kuɗin wuta tun kafin ya sha ta. Ranar da wata jiha za ta ba sabon mai sayarwa lasisi, 'yan majalisarta za su iske tambayoyin da Ofgem ta jinkirta yi suna jiransu a kan tebur: nawa ne jarinsa, wutar wata nawa ya saya a gaba, kuma idan ya faɗi da kuɗin katin mutane a hannunsa, wa aka rubuta zai biya.