Bindigar Ƙusa: Yadda Ake Zaɓen Wadda Ta Dace da Gyaran Gida a Gure

Bindigar ƙusa na'ura ce da ke cusa ƙusa cikin katako da bugu ɗaya, ba tare da an ɗaga guduma ba. Ƙusoshinta a jere suke zuwa, an manne su da gam ko takarda ko roba, sai a zura jerin cikin gidan ƙusa da ke jikinta. Idan aka danna bakinta a kan katako aka ja kunama, wani siririn ƙarfe ne ke fitowa da ƙarfi ya tura ƙusa ɗaya, ya koma, ta gaba ta matso. A Amurka aka fara sayar da masu aiki da iska a wajajen 1950, kuma ba abin mamaki ba ne, domin galibin gidajen can da katako ake tayar da su tun daga tushe har rufi. A 1986 kamfanin Paslode ya fito da wadda ba ta da tiyo, mai aiki da ɗan gwangwanin gas da batir.

Gure, wadda ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Difa, ba garin gidajen katako ba ne. Gini a nan na laka ne ko na bulon siminti, rufi kuwa ko na ƙasa a kan azara ko na kwano. Katakon aiki daga nesa ake kawo shi, yawanci ta Najeriya, don haka yana da tsada kuma ba a wasa da shi. Saboda haka mai son sayen bindigar ƙusa a Gure zai fara ne da duba aikin da ke gabansa, kafin ya dubi sunan kamfani ko kyan fenti.

Aikin da take yi da wanda ba ta yi

Inda bindigar ƙusa ta fi amfani a gidajen wannan yanki shi ne aikin ciki: kafa silin, gyaran ƙofa da taga, haɗa kabad da kanta, ɗaure gado ko kujerar da ta saki, da jan yadi a kan kujerun falo. Wanda ya taɓa ganin kafinta a kan tsani yana kafa silin, hannu ɗaya na tallafe da falle, ƙusoshi a baki, guduma na dukan sama, zai gane amfaninta nan take. Da bindiga, hannu ɗaya ya riƙe fallen, ɗayan ya harba, aikin yini ya ƙare kafin azahar.

Akwai kuma inda ba ta da wuri. Bangon laka ba ya riƙe ƙusar bindiga, marmashewa yake yi. Azarar goriba ko ta giginya tana da tauri da zare-zare, siririyar ƙusa lanƙwashewa take yi a cikinta. Kwanon rufi kuma da ƙusa mai hula ake buga shi, a kan tudun kwanon, a hankali, don kada ya lotsa ya riƙa yoyo da damina. Bindigar da ake tallatawa da sunan ta rufi an yi ta ne don rufin fale-falen kwalta irin na Amurka. Wanda ya saye ta don kwano ya yi asarar kuɗinsa. A waɗannan wurare uku guduma ce har yanzu ke da iko.

Girman ƙusa

Kowace bindiga da irin ƙusar da take ci, kuma lambar kauri ce ke bambanta su. Yadda lambar ta ƙaru, haka ƙusar ke ƙara siranta. Mai lamba 18 kaurinta kimanin milimita 1.2 ne, tsawonta daga milimita 15 zuwa 50. Ita ce ake gani a kwali da alamar F30 ko F50, lambar ƙarshen tana nuna iyakar tsawon da bindigar ke ɗauka. Ba ta cika tsaga katako ba, ramin da take bari kuma ɗan ƙarami ne, fenti na rufe shi. Don silin, firam ɗin taga da bayan kabad, ita ce daidai.

Mai lamba 16 ko 15 ta fi kauri, tsawonta na kaiwa milimita 64, ta dace da firam ɗin ƙofa da katako mai nauyi. Babbar bindigar gini tana harba ƙusa daga milimita 50 zuwa 90, aikinta haɗa katakon da ke ɗauke da kwano ko kafa rumfa. Tana da nauyi, tana shan iska da yawa, kuma jerin ƙusarta a karkace yake, wani digiri 21, wani 30 zuwa 34, wanda ba ya shiga bindigar da ba tasa ba. Akwai mai harba ƙarfe mai ƙafa biyu, wadda masu kujeru ke jan yadi da ita. Akwai kuma ST64 mai ƙusar ƙarfe mai tauri don manna katako a jikin siminti, sai dai bulon da aka yi wa rowar siminti fashewa yake yi idan ta doke shi.

Ƙa'idar kafintoci ita ce tsawon ƙusa ya ninka kaurin abin da ake mannawa sau biyu zuwa uku. Ga magidancin da gyare-gyare kawai yake yi, F50 ta wadatar da mafi yawan buƙatunsa.

Iska, lantarki ko batir

Mai aiki da iska ita ce mafi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara, don ba ta da komai a ciki sai ƙarfen bugu da 'yan zobban roba. Tana buƙatar injin iska irin na masu facin taya, da tiyo, da matsin iska tsakanin bar 5 zuwa 8. Ƙaramin inji mai tanki ya ishi F50, kuma idan aka ɗauke wuta, iskar da ta taru a tankin za ta ɗan ƙara tafiyar da aiki kafin ta ƙare. Wanda zai kunna injin da janareto ya sani cewa a lokacin tashi yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa.

Wadda ake jonawa a soket ba ta buƙatar injin iska, amma ƙarfinta kaɗan ne, a katako mai tauri irin maɗaci takan bar kan ƙusa a waje. Wutar Nijar bolt 220 ce, kayan gwanjon da suka fito daga Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, jona su kai tsaye ƙona su yake yi.

Mai batir ta fi kowace sauƙin ɗauka, ana zuwa da ita ƙauyen da babu wuta, ana kuma iya cajinta da sola. Illarta tsada da nauyi, sannan batirin ba ya son zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Gure ke haura digiri 40, a inuwa ake ajiye shi, da safe ko da dare ake cajinsa. Batirin Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt, don haka wanda ya riga ya mallaki na'urar huda ta wani kamfani gara ya tsaya a kansa. Mai gas kuwa, ranar da gwangwani ya ƙare kuma babu wani a kusa, aiki ya tsaya.

Kunama da haɗari

Kunamar bindigar ƙusa iri biyu ce. A ta farko dole a danna baki a kan katako tukuna, sannan a ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. A ta biyu ana riƙe kunama a jaye, duk abin da bakin ya taɓa sai ta harba, ko katako ne ko gwiwar mai aiki. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun bayyana a 2011 cewa kimanin mutum 37,000 ne ake kaiwa asibiti duk shekara a ƙasar saboda raunin bindigar ƙusa, kuma haɗarin nau'i na biyu ya ninka na farko sau biyu. Don aikin gida, ta farkon ce zaɓi.

Ƙusa takan ci karo da kulli a cikin katako ta karkace ta fito ta gefe, shi ya sa ake nisanta hannun da ke riƙe da katako daga bakin bindiga. Tabarau na kariya wajibi ne. Kafin a ciro ƙusar da ta maƙale, a cire tiyo ko batir. Kada a taɓa jona ta da tukunyar iskar masu walda, domin haɗuwar wannan iska da man da ke cikin bindigar na iya tarwatsa ta. A gida mai yara, a kulle take kwana, babu ƙusa a ciki.

Saye da kulawa

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar ana samun ƙusarta da zobban robarta a Damagaram, ko a wajen masu zuwa Kano sarin kaya. A sa mai shago ya harba ta a kan guntun katako, a ga ko ƙusa na nutsewa daidai, a saurara ko iska na tsiyaya. A duba ko tana da abin daidaita zurfin ƙusa, da bakin da ke buɗewa ba tare da sukudireba ba. Araha ba ta ado, amma ba dole sai mafi tsada ba. Masu matsakaicin farashi irin Ingco da Total suna ɗaukar aikin gida.

Babban abokin gabarta a Gure shi ne yashi da ƙurar hunturu, waɗanda ke cinye zobban roba. Ana ɗiga mata mai na na'urorin iska, ɗigo biyu ko uku ta mashigar tiyo kafin fara aiki, a zubar da ruwan da ya taru a tankin inji bayan an tashi, a goge ta a mayar cikin akwatinta. Wanda gyaransa bai wuce ƙofa ɗaya ko biyu a shekara ba, kiran kafinta mai bindiga ya fi masa sauƙi a kan sayen tasa da injinta.