Ranar da Dare Ya Sauka a Maraɗi da Hantsi

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, daidai da ƙarshen watan Safar na shekarar 1427, inuwar wata ta faɗo a kan gaɓar ƙasar Brazil da hudowar rana. Daga nan ta tsallake tekun Atlantika, ta shigo Afirka ta Ghana, ta rufe birnin Accra, ta ratsa Togo da Benin, ta faɗa Nijeriya. Ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta ƙetaro iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram a Nijar. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba, gudunta kuwa ya haura kilomita 2,000 a awa. Duk garin da ya faɗa cikinta ya ga dare da hantsi. Wanda ke waje, ko da tazarar ƴan kilomitoci ce, bai gani ba.

Malbaza, wani gari a Nijar, tana waje. Haka Ƙonni da Illela da Galmi, haka ma Sakkwato da Kano. A Malbaza wata ya rufe fiye da kashi 90 cikin 100 na fuskar rana. Haske ya dusashe, zafin bazara ya sassauta, amma ɗan bakin da ya rage ya isa ya hana duhu sauka a kan masana'antar siminti da gonakin albasa. Mutane da yawa a yankin suna cewa sun ga husufin 2006, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai abin da aka gani a Maraɗi wani abu ne dabam, kuma tsakanin biyun tafiyar safiya ɗaya ce kawai.

Wanda ya bar Malbaza bayan sallar asuba ya hau hanyar ƙasa mai lamba 1 ya nufi gabas, zai wuce Galmi, ya wuce Madawa da Gidan Rumji da Tsibiri, ya shiga Maraɗi kafin abin ya kankama. Tafiyar wajen kilomita 200 ce. Maraɗi tana kusa da gefen inuwar, don haka wanda ya ƙara gaba zuwa Tasawa ya matso tsakiyarta, inda duhun ya fi daɗewa.

Bayan ƙarfe tara wata ya fara gutsurar rana daga gefe. Sa'a ta farko ba ta nuna wani abu a ƙasa, sai ga mai lura: ƙarƙashin dogon yaro, ɗigon hasken da ke ratsowa tsakanin ganye duk sukan koma siffar jinjirin wata. Can wajen ƙarfe goma da rabi komai ya zo a guje. Launin gari ya sauya, iska ta yi sanyi, inuwar mutum ta yi kaifi. Hasken ƙarshe ya tsaya a gefen wata kamar dutsen zobe, ya ɗauke. Inda rana take sai baƙar da'ira, kewaye da ita wani farin haske mai laushi ya bazu ko'ina. Wannan shi ne rawanin rana, iskar da ke kewaye da ita mai zafin sama da digiri miliyan ɗaya, wadda ido ba ya iya gani sai a irin waɗannan mintuna. Zara matar wata ta fito fili da hantsi. Gindin sama ta kowace kusurwa ya yi ja irin na almuru. A Gusau da Katsina duhun ya haura minti uku kafin haske ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen.

Dalilin abin yana da ban mamaki. Rana ta ninka wata girma wajen sau 400, kuma ta ninka shi nisa daga gare mu wajen sau 400. Shi ya sa idan suka daidaita, wata yake rufe ta cif. Hakan ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata ke tsakaninmu da rana, kuma masana taurari suna lissafa ranar da garuruwan da inuwar za ta bi tun shekaru aru-aru kafin ta zo.

Saboda wannan lissafi ne baƙi suka yi shiri tun da wuri. Wasu sun sauka Agadas, suka ɗauki motocin sahara suka ratsa Tenere zuwa wajajen Bilma. Dubbai sun kafa tantuna a hamadar Libiya, inda duhun ya kai minti 4 da daƙiƙa 7 kusa da iyakar Cadi. A Salum ta ƙasar Masar, shugaba Hosni Mubarak da kansa ya je kallo. Kayan aikinsu sananne ne: kyamara a kan ƙafa uku, da tabarau mai janyo nesa, da matacin haske da ake rufe bakin kyamara da shi. Muddin ko siririn gefen rana yana waje, ba a cire matacin, domin hasken yana ƙona kyamara, yana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Sai duhu ya cika ake cire shi a ɗauki hoton rawanin, a mayar kafin haske ya dawo. Mutum yakan yi tanadin shekara guda saboda mintuna uku ko huɗu, kuma gajimare ɗaya yana iya ɓata masa komai.

Ba wannan ne karon farko da duniya ta bi inuwa zuwa Nijar ba. Ranar Asabar 30 ga Yuni 1973, a shekarun babban fari, an yi ɗaya daga cikin husufai mafi tsawo na ƙarnin, kuma a arewacin Nijar ya kai ƙololuwarsa, minti 7 da daƙiƙa 4. A ranar ce jirgin Concorde na gwaji mai lamba 001 ya tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari, matuƙinsa André Turcat, ɗauke da masana daga Faransa da Ingila da Amurka. An huda rufin jirgin an saka tagogi na musamman domin na'urorinsu. Ya tari inuwar a sararin Muritaniya, yana gudun da ya ninka na sauti sau biyu, a tsayin wajen kilomita 17, ya shige cikinta ya yi ta tafiya tare da ita ta kan Mali da Nijar. Minti 74 suka yi cikin duhun kafin inuwar ta tsere musu, sannan suka sauka a Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau. Har yanzu babu wanda ya daɗe haka a cikin cikakken husufi. Jirgin yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget kusa da Paris.

Mu ma muna da abin da muka gada game da irin wannan rana. Kakanninmu sukan ce rana ta yi zazzaɓi, yara su fita suna bugun gwangwani. Musulunci ya zo da tasa koyarwar. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Annabi ya gyara musu fahimta, ya nuna cewa aya ce daga ayoyin Allah, ya umarci a yi salla da addu'a da sadaka. Salla da kallo ba sa karo da juna. Wanda ya ga rawanin rana da idonsa ya fi kowa sanin abin da yake wa tasbihi.

Dama tana tafe. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 inuwar za ta bi ta Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar, ta wuce minti shida a Luxor, sannan ta rufe Jidda da Makka. Mai niyyar umara ya riƙe wannan rana. A Malbaza ɓangaren rana ne zai rufe. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta shigo ta Legas ta nufi Cadi. Kiranmu ga malaman makarantu da limamai da gidajen rediyon Tawa da Ƙonni shi ne su fara bayani tun yanzu, a tanadi tabarau na husufi, a hana yara kallon rana da ido tsirara ko da baƙin gilashin kasuwa. Wanda kuma Allah ya hore masa kuɗin mota, ya tashi ya je inda inuwar za ta bi, ya tafi da ɗansa.