Fiton kaya ta intanet: Ina iyakarsa a Najeriya?

A da, ɗan kasuwar Kano ko Kaduna da ya yi odar kaya daga China sai ya tafi Legas, ko ya tura wakili ya yi ta yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, kafin a sakar masa kwantenarsa. Yanzu ana iya kammala mafi yawan wannan aiki ta kwamfuta, amma akwai ƙa'idojin da ba sa barin a gama komai daga nesa.

Yadda tsarin yake

Matakin farko dai shi ne cike takardar da ake kira Form M ta hannun banki, tun kafin a ɗora kayan a jirgi. A cikinta ake bayyana irin kayan, da yawansu, da kuma farashinsu.

Daga nan hukumar kwastan kan duba takardun, ta fitar da rahoton PAAR, wanda ke nuna rukunin kayan da ƙimar da za a ɗora musu haraji. An soma amfani da shi ne a watan Disamban 2013, lokacin da hukumar ta karɓi aikin tantance kaya daga hannun kamfanoni masu zaman kansu, waɗanda ke yin sa tun 2006.

A shekarar 2024 kuma hukumar ta fara gwajin sabuwar manhaja mai suna B'Odogwu a Legas, domin ta maye gurbin tsohon tsarin NICIS II.

Inda gizo ke saƙa

Akasarin 'yan kasuwa dai ba su da ikon shigar da bayanan fito da kansu, sai ta hannun wakilin da kwastan ta bai wa lasisi. Haka nan abinci da magunguna na buƙatar izinin hukumar NAFDAC, yayin da kayayyaki da dama da aka ƙera a masana'antu ke buƙatar shaidar inganci ta hukumar SON. Akwai kuma jerin kayan da aka haramta shigo da su baki ɗaya.

Ko bayan biyan haraji, kwamfuta ce ke zaɓar layin da kaya za su bi. Idan suka faɗa jan layi, dole a buɗe kwantenar jami'ai su gani da idonsu, a gaban mai kayan ko wakilinsa. In aka samu saɓani tsakanin takarda da abin da ke ciki, ana iya ƙara haraji, ko a ci tara, ko ma a ƙwace kayan. Kowace ranar jinkiri kuwa, kuɗin ajiya ƙaruwa suke yi.

Tashoshin tsandauri

Domin rage cunkoso a Apapa da Tin Can, an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a watan Janairun 2018, sannan ta Dala da ke Kano a Janairun 2023. A nan ana iya duba kaya a kuma biya haraji kusa da gida.

Sai dai sharaɗin shi ne a rubuta sunan tashar a matsayin zangon ƙarshe a takardar jigilar kayan tun daga ƙasar da aka sayo su, sannan kwantenar ta taso daga bakin teku a kulle, ƙarƙashin kulawar kwastan. Wanda ya manta da wannan tun wurin odar kaya, to da wuya ya kauce wa yin fito a Legas.